Shayi a Hawa na Goma Sha Bakwai

Katin da suka ba ni fari ne, ba nauyi,
kamar ɓawon tafarnuwa.
Na kara shi a jikin lif, ta ɗauke ni,
ta wuce hawa bayan hawa ba ta ko waiwaya ba,
sai na goma sha bakwai,
inda ƙofa ba ta buɗe wa kowa
sai wanda kamfaninsa ya biya.

Nan ne falon manyan baƙi.
Kafet ya haɗiye ƙarar takalmina.
Sanyin esi ya nemi ƙashi, na ja gyale.
An jera inabi, da cuku kala huɗu,
da kifin da aka yanka siriri har ana hango faranti ta cikinsa.
Turawa biyu suna raɗa a kan farashin gas,
wani alhaji yana barci da jarida a ƙirji.
Ba mai tauna da ƙarfi.
Ba wanda ya ce wa wani bismillah.

Mai hidimar, an rubuta Morenike a rigarta,
ta ce, "Madam Kubura, me za a kawo?"
Ta san sunana tun ban faɗa ba.
Na ce shayi.
Ta buɗe akwatin katako a gabana:
na Sin, na Indiya, mai citta, mai furen da ban san sunansa ba.
Na nuna baƙi, wanda na sani.

Sai na tafi jikin gilashi.
Ga Ikko kwance a ƙarƙashina, an cire mata murya.
Danfo sun yi layi kamar tururuwa ta ji sukari,
ruwa ya shanye jan magariba,
gadar Falomo ta cushe, amma ko hon ɗaya bai iso nan ba.
Can, inda fitilu suka fi cunkoso, Obalende ce.

Shekara ashirin da shida Baba ya yi a can.
Tebur ɗaya, benci biyu, tukunyar da ba ta hucewa,
gwangwanayen madara ɗaya kan ɗaya,
burodin Agege yana gumi a leda.
Malam Ilu mai shayi.
Direbobin dare Aboki suke ce masa,
shi kuwa ya san sunan kowa, ya san bashin kowa.
Da kuɗin wainar ƙwai aka saya mini littafin lissafi na farko a Azare.
Sau ɗaya a shekara yake zuwa gida,
rigarsa na ƙamshin risho.

Bai taɓa hawa benen da ya wuce biyu ba.
Wai jiri yake ji.

Shayin ya yi zafi.
Ban san sa'ad da na ɗauki kofi na biyu ba,
na ɗaga hannu sama, na tsiyayo,
zare mai tururi daga wannan zuwa wancan,
na mayar, na sake,
yadda yake yi yana hira, ko kallo ba ya yi.
Ni na kalla, kuma na zubar.
Ɗigo uku a farin ƙyallen tebur.
Turawan suka yi tsit. Alhaji ya buɗe ido ɗaya.

Morenike ta zo da tsumma tana danne dariya,
ta ce, da Hausar da ta tsinta a bakin titi,
"Mai shayin layinmu ya fi ki iyawa."
Na ce, "Na gidanmu ma ya fi ni."
Ta goge, tabon bai fita ba,
sai ta ɗora tulun fure a kai.

Gobe da sha biyun rana katin zai mutu,
lif za ta manta da ni.
Na riga na ce wa direba mu bi ta Obalende
kafin filin jirgi, ko da za mu makara.
An ce inda teburin yake, yanzu cajin waya ake yi.
Zan sauka duk da haka.

Yanzu dai na zauna, na kurɓa.
Ya huce daidai.
Sukarin ne bai ji ba.