Takardar Tambaya a Aboabo

An ba ni alƙalami da takarda mai gida-gida,
aka ce: shiga Aboabo, ki auno mana
ko taimako ya kai inda aka aike shi.

Mma Barikisu na dama koko a ƙofar gida.
Na ce: katin asibiti yana aiki? I ko a'a?
Ta ce: yana buɗe ƙofa, 'yata.
Likita ya duba Isaka kyauta,
ya rubuta magani, aka ce babu,
sai kantin tsallaken titi, sidi tamanin.

Wane gida zan sa wa alama?

Na ce: makaranta fa?
Murmushi ya riga bakinta.
Adiza na sakandare, ba kuɗin makaranta,
ita ce ta fari a zuriyarsu.
Amma akwati, katifa, bokiti da gari
sun cinye keken ɗinkin da ta gada.
Hannun da ke kai ƙosai tasha da asuba
yanzu littafi yake riƙe.
Ta ce: ban yi da-na-sani ba,
bayana ne dai yake yi.

Layi biyu aka ware wa ƙarin bayani.
Na cika su, na gangara gefe,
na juya bayan takardar.

Gobe a ofis za a narka Mma cikin lissafi,
a ce saba'in cikin ɗari sun gamsu.

Da zan tafi ta ɗura min koko a leda,
ta ƙi karɓar kuɗina.
Wannan ma ba shi da gida.