Lissafin Jinin Tokuji

Shekara uku yana wanke rufin gidajen da babu kowa a Namie,
ɗan ma'auni rataye a ƙirjinsa kamar laya.
Ƙarshen kowane wata a duba, a ce:
kaɗan ne, Hangai, bai kai abin damuwa ba.
Ya yarda. Ni ma na yarda.
Tiririn nukiliya ba shi da wari,
ba ya barin tabo a riga balle in wanke.

Ranar wata Talata raɓa ta kwana a kan rufi,
ƙafa ta zame,
ƙeyarsa ta sami bakin dakali.
Hularsa ta gangara har gindin bishiyar kaki
wadda ba a cin 'ya'yanta.

Kwana tara ya farka, ya kira sunana daidai,
Chizuru, da muryar mai neman shayi.
Na ce shi ke nan.
Ashe ana kukan targaɗe ne.

Tari ya zo, zazzaɓi ya bi sawunsa,
ɗan ƙurjin da allura ta bari a hannu
ya ƙi kamewa har dusar ƙanƙara ta narke.
Likita Monma ta juyo mini da takarda:
fararen ƙwayoyin jini sun ja baya.
Idan ƙwaƙwalwa ta bugu, in ji ta,
takan aika wa saifa da ɓargo saƙon da ba daidai ba,
masu gadi su taru a kai suna ta hura kumburi,
huhu kuwa a bar shi ƙofa buɗe.

Na ce, to ɗan kaɗan ɗin nan fa, na shekara uku?
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
Kowanne shi kaɗai mun ɗan san halinsa, in ji ta,
haɗuwarsu ce ba mu gama karantawa ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wuri.
Amma wa ya fara tsaga bangon?
Dakali, ko abin da ya yi ta ɗiga shiru?

Yanzu ina tafasa cokalinsa.
Jikoki na ɗaga masa hannu ta bayan gilashi.
Ma'aunin yana cikin aljihun tebur, tare da batura da tsofaffin rasit,
lambarsa ƙarama, mai ladabi,
ta tsaya inda ya faɗi.