Kama da Wane

Jirgin fito na bakwai ya bar Niterói,
Dalva na ciki, kwamfuta a cinya,
kofi ya huce tun ba a kai tsakiyar ruwa ba.

Shekara goma sha ɗaya tana wa na'ura magana
da harshen da ke ƙirga daga sifili.
Ran Litinin ta leƙa sabon, ta ce: ai ɗan gida ne,
ga hancin, ga idon.

Laraba ta sa kaya a gurbin sifili,
aka zo ƙirga aka tsallake su.
Alhamis ta tambayi sifili, ƙarya ne kai?
Ya ce, nan garin gaskiya nake.
Sunan da ta ajiye a ɗaki
sai ga shi tsakar gida, kowa na taɓawa.
Ba ihu, ba jan rubutu,
tsakuwa ce a shinkafa.

Ubiratan, yaron da aka ɗauka jiya-jiya,
bai san wani harshe ba.
Aka ce daga ɗaya ake farawa. Ya ce to.

Ita kuwa yatsunta sun riga hankalinta,
suna laluben makunnin fitila
a bangon gidan da ta bari.

Da baƙon gida ne, da ta yi sallama.
Kamannin ne suka sa ta faɗa kai tsaye.

Rio ta matso. Ta goge layin,
ta rubuta ɗaya,
ta zuba masa ido
har aka ce a sauka.