Baƙuwa a Mara

Wata bakwai ke nan ƙodar Hansatu na kwana a marata,
ɓangaren dama, ƙasa da cibiya kaɗan,
daidai inda nake ɗaure wando.
In na ɗora hannu ina jin ta,
kamar ɗanyen ƙwai a aljihu.

Ni Barau, mai gyaran famfo a Kakuri,
shekara ashirin da biyu ina sauraron bututun mutane,
in kara kunne a bango in ce ga inda yake yoyo.
Sai ga nawa bututun ya lalace ban sani ba,
sai da asuba,
ɗigo uku, kamar an kwaɓa su da barkono.

Babu zazzaɓi.
Abin tsoron ke nan.
Likita ta faɗa tun ranar sallama:
ƙwayoyin da kake haɗiya safe da dare
masu gadin jikinka suke sa wa gyangyaɗi
don kada su kori baƙuwa.
To, gidan da maigadi ke gyangyaɗi
ɓarawo ba ya neman tsani.

Na hau a-daidaita, muka bi ta kan gada.
Kogi ya cika ya yi ja.
Na dubi ginshiƙi, ga layin da ruwan bara ya bari,
ga na bana yana bin sa a guje.

Rifkatu ta ɗaure min dantse da roba.
"Baba, dunƙule."
Kwalba biyu na jini, ɗaya ta ba ni a hannu:
"Na tsakiya muke so, bar na farko ya wuce."
Na tsaya a bayi ina auna fitsarina
kamar mai sayar da turare.

Bayan la'asar takarda ta fito.
Akwai wani suna, si-ar-pi,
wancan wata huɗu yake, zaune lafiya,
yau sittin da takwas.
Fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo.
Kiriyatinin ya ɗaga ƙafa ɗaya, bai taka ba tukuna.
Likita ta sa biro ta zagaye su,
ta ce, jiki na iya yin shiru, jini ba ya iyawa.
Amma wuta kawai yake cewa,
ba ya faɗin wanda ya kunna.
Ko ƙwayar cuta ce ta hauro daga mafitsara,
ko masu gadi ne suka farka suka ga baƙuwar fuska,
sai an shuka fitsarin a faranti,
kwana uku, a ga abin da ya tsiro.

Na yi dariya a gabanta.
Ban gaji gona ba, yau ga ni da shuka.

Da dare Hansatu ta kira daga Kawo.
Ba ta taɓa cewa yaya jiki,
sai dai "Yaya ƙodata?"
Na ce lafiya lau.
Ta yi shiru, irin shirun mahaifiyarmu.
Sai na karanta mata lambobin, ɗaya bayan ɗaya.
Ta ce, "Ka sha ruwa, Yaya.
Guda ɗaya ta rage min, ba ni da ta ƙari."

Abin da ya tsiro ƙwayar cuta ce.
Ban taɓa murnar ɓarawo ba sai ranar,
don shi aƙalla an san maganinsa.
Allura ta jijiya, kwana bakwai.

Arba'in da ɗaya.
Sha tara.
Takwas.
Ina rubuta su a bayan rasidin gwiwar bututu,
ina kallon ruwa na sauka daga ginshiƙi.

Yanzu gora uku nake shanyewa kafin isha.
Daren jiya na tashi sau huɗu.
A na huɗun na tsaya cikin duhu, ba takalmi,
ina sauraron ƙarar a kan siminti,
doguwa, ba yankewa, ba zafi.
Duk aikina na duniya toshe yoyo ne.
Wannan kam, Allah bar shi ya zuba.