Murfin Lagireto

A Figil ta tsaya, bayan Azahar,
buhun albasa goma sha ɗaya a bayanta,
tururi na tashi kamar tukunyar dambu,
allurar zafi ta haye ja ta kwanta.
Na kai hannu ga murfi, wani tsoho ya daka tsawa:
"Bar shi! Fuskar taka aro ka yi?"

Sallau sunansa.
Garejinsa inuwar dalbejiya ce,
da akwatin sifana, da tsumma a kafaɗa.
Ya ce a zauna sai ƙarfe ya huce.
Na sayo mana shayi biyu,
na ba shi labarin Bawuro, ɗan ƙanen uwata,
wanda ya sayar min da ita a Marwa watan jiya,
ya dafa ƙirji ya ce lafiyarta ƙalau,
tsohuwar Fijo ce amma ba ta san gareji ba.
Na ce in na koma sai an raba mu.
Sallau bai tanka ba. Yana hura shayinsa.

Da ta huce ya buɗe bakinta,
ya karanta ta kamar mai karanta tsage a fuska:
"Wannan lagireto ba ɗanta ba ne, ɗan riƙo ne,
dubi kunnuwansa, walda ce ta haɗa zumuncin.
Tiyon sama nata ne.
Na ƙasa daga injin ban ruwa aka ciro,
aka shaƙe wuyansa da wayar keke.
Ga famfon ruwa, mutanen Mubi da sunan da suke kiransa,
mu ma da namu, shi dai aikinsa guda.
Danna bel ɗin fanka. Ka ji?
Ya saki kamar igiyar shanya."

Ya kwance tiyo, ruwa ya zubo ja,
jan tsatsa, da wani fari-fari yana iyo.
Ya shinshina, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Ƙwai ne da barkono.
An yi mata miya a ciki
don ɓula ta yi shiru kwana biyu, a kai ta kasuwa."

Ya nemi tamosta, gurbin wayam,
an cire tun zamanin wani mai ita da ba mu sani ba.
Ya zaro sandar baƙin mai ya duba a rana.
Baƙi ne, bai koma madara ba.
"Gode wa Allah, gasket bai ƙone ba.
Da ya ƙone, da a nan albasarka za ta tsiro."

Ya tsunduma lagireto cikin baho,
ya toshe baki ɗaya, ya hura ɗayan da famfon keke.
Kumfa ta taso daga wuri uku,
ƙanana, kamar idon kifi.
Dalma ta narke, warinta ya cika inuwar.
La'asar ta wuce, manyan motoci na wucewa,
ni ina riƙe da fitila tun rana ba ta faɗi ba.

Can ƙarshe ya juya murfin a tafin hannu:
robar ta mutu, sifirin ya gaji.
Ya tona wani gwangwanin madara
ya fito da tsohon da ya fi nawa rai.
"Wannan ɗan abin shi ke riƙe fushin ruwa.
Sefa dubu. Kada ka yi tayi."

Na wuce Fitowa bayan Isha,
fitilun Garwa na ƙyalli daga nesa,
allura a tsakiya, ba ta ko motsi.
Waya ta yi ƙara. Bawuro ne.
"Ka isa lafiya? Yaya motar?"
Na dubi hannun nan da ya kusa ƙonewa.
Na ce, "Tana tafiya.
Ƙwai nawa ka fasa mata?"

Shiru ya yi tsawon gada guda.
"Uku," in ji shi. "Amma ƙanana ne, na zabuwa."