Musayar Makulli

Tsahiru, ga makullin gidana na Bagalam.
Mako guda naka a Maraɗi, mako guda nawa a Yamai.
Kafin ka hau mota, bari in rage maka buri.

Mangwaron da ka gani a hoto
na maƙwabcina Sahabi ne;
reshe ɗaya ya leƙo mana katanga,
shi ma ƙirga 'ya'yansa yake.

Kuran yakan zo kamar mai gudun bashi:
ya leƙo, ya gaisa, ya ɓace.
Famfo sai da asuba yake tari.
Gulbin da na ce ga shi nan kusa,
a watan nan yashi ne da sawun shanu.

Kai ma ka ce daga ɗakinka ana hangen kogin Isa.
Barira ta tambayi ƙanwarta:
wai sai an hau soro, an taka bokiti,
an yi ɗage.

To, kunnen doki ke nan.

Zo da tabarma.
Da magariba je wurin Haladu mai tsire, bakin tasha,
ka ce ni na turo ka.
Shi kaɗai ban ɗauka hoto ba,
shi kaɗai ba zai ba ni kunya ba.