Gahawar Talata

Ran Talata, in la'asar ta yi sanyi,
inuwar darbejiya ta haye katangar Mastura,
sai ka ji ɗan turmi yana kira,
ƙwal, ƙwal, citta da gahawa.
Duk unguwarmu a Gadarif
ba wadda ake tura wa yaro.
Ƙamshin ne ɗan aike.

Mu tara ne, goma in Yahanasu ta lallaɓo
da ciwon gwiwarta.
Ba shugaba, ba littafi.
Kowa ta kwance abin da ya hana ta barci,
ta zube shi a tabarma,
mu tsince shi kamar tsakuwa cikin riɗi.

Ni ranar takarda na kawo.
A juye na riƙe ta, ban sani ba,
sai da Batula ta gyara mini tana dariya.
Ta karanta: an ɗauki Tahani
makarantar ungozoma, can Bur Sudan, bakin teku.
Guɗa ta tashi har kajin maƙwabta suka watse.
Na ce, ku dakata.
Yarinyar da ba ta taɓa wuce tasha ba,
ni ban san kowa gaba da Kasala ba,
ubanta na gona sai an gama yanka,
kuɗin motar ma...

Inna Kulu ta miƙo mini kofi.
Sha tukuna, in ji ta.
Ba a lissafi da busasshen maƙoshi.

Kafin zagaye na biyu an samu mota.
Ƙanin mijin Mastura, Ɗahiru, yana jan bas,
ba ya gudu, aibinsa surutu.
A zaunar da ita bayansa,
ɓangaren da rana ba ta duka.
Yahanasu ta ce kar ta ci kifi ranar farko,
cikin ɗan tudu ba ya gane shi da wuri.
Aka yi ta musu kan kifin nan
har gawayi ya kusa mutuwa.
Batula ta ce a sa mata bargo,
wai Sinkat da dare kamar ba Sudan ba.
Sakina, wadda kalmarta ke da tsada,
ta ce, yayata na can.
Ɗakinta ɗaya ne, amma ƙofarsa faɗi gare ta.
Ta rubuta lamba a bayan takardar sukari.

Ɗaukar adashi ta Inna Kulu ce watan nan,
kuɗin wankin ido take tarawa.
Ta turo ƙullin gabana da ƙafa.
Idon ya jira, ta ce,
dama fuskokinku na daɗe da haddace su.
Na buɗe baki.
Ta ce, rufe, ga ƙuda.

Asubar Asabar muka raka ta, mu goma cif.
Jakar da ƙyar ta rufu:
busasshiyar kuɓewa, turaren wuta, bargon,
da takalmin 'yar Batula
wanda muka cusa wa auduga a baki.
Ban yi kuka ba sai da bas ya sha kwana.
Su kuwa suka yi kamar kuɗin tumatir suke yi.

Yanzu duk Talata
mukan sa wayar cikin kwano don ta yi ƙara,
mu sunkuya kanta kamar kaji kan tsaba.
Ta ce teku ba shi da ɗaya gefen.
Ta ce ta riƙe jariri, hannunta bai yi rawa ba.
Ta ce ta ci kifin tun daren farko.
Yahanasu ta ce, sa'a ce kawai.

Makon jiya Sakina ta zo a makare,
ido ja, gyale a karkace.
Mahaifiyarta ce, sai an kai ta asibitin Madani,
ba ta san ta inda za ta fara ba.
Ta soma ƙirga da yatsu.
Na kama hannun, na sa mata kofi.
Na ce, sha tukuna.